KIRCIN HANNU: MAGUNGUNAN DA MANOMI KE IYA SAYE DA KANSA



Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu aikin garka ke kankama. A Galmi da kwarin Maggiya ana dashen albasa. A Jiratawa da Ƙonni ana ban ruwa. A Mirya da fadamun Korama ana yankan salati da tsinkar tumatir. Tun bayan farin 1984, da aka ƙarfafa noman rani a ƙasarmu, iyalai da yawa da wannan aiki suke cike giɓin rumbu. Amma lokacin nan kuma shi ne lokacin hunturu. Hannu yana wuni cikin ruwa da laka da taki, iska mai ƙura tana busar da shi, da dare sanyi ya kama shi. Kafin wata guda sai fata ta yi kaushi, ta tsage, ta soma ƙaiƙayi. Wani har ya kāsa riƙe igiyar guga.

Manomin da hannunsa ya tsage a tsakiyar dashe, ko dai ya biya ɗan ƙwadago, ko ya bar iri ya tsufa a fangali. Duk biyun hasara ce. Shi ya sa a wannan fitowa za mu yi magana bisa kircin hannu, wanda lokotoro ke kira egizema: mi ke kawo shi, wane magani za ku iya saye ba tare da takardar lokotoro ba, yadda ake aiki da shi, da lokacin da ya zama tilas a tafi gidan likita.

MI NE NE KIRCIN HANNU?

Ku dubi rumbun ƙasa. Akwai gini, akwai yaɓe bisa ginin. Muddin yaɓe na nan lafiya, ruwan sama ba ya shiga, gara ba ta samun ƙofa. Fatar mutum haka take. A samanta akwai wani ɓawo siriri, an jera shi kamar tubali, an liƙe tsakaninsa da maiƙon da jiki ke yi da kansa. Wannan maiƙo shi ke tsare laima a ciki, ya hana datti shiga.

In ruwa da sabulu da taki suka wanke maiƙon, sai ɓawon ya buɗe. Laima ta fita, abin da ke waje ya shiga, fata ta kumbura. Alamunsa su ne:

1. Bushewa da kaushi, fata tana saɓa kamar ɓawon albasa.
2. Ƙaiƙayi da raɗaɗi.
3. Tsaga a kan yatsu, da gaɓoɓin yatsu, da tafin hannu.
4. Ƙananan ƙuraje masu ruwa a gefen yatsu, kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin fata.
5. In ya daɗe, fata ta yi kauri, ta yi duhu fiye da sauran jiki.

Cutar ba baƙuwa ba ce. A ƙasashen Turai inda aka yi ƙidaya, wajen mutum 1 cikin 10 yana fama da ita a cikin shekara. Kuma ku riƙe wannan: kircin hannu ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Kuna iya gaisawa da mai shi, ku ci tuwo akushi ɗaya. Ba sammu ba ne, ba kuma ƙazanta ce ke kawo shi ba. Sau da yawa ma yawan wanki ne.

MI KE KAWO SHI A WURIN MANOMI?

Hanya biyu ce.

Hanya ta farko, abin da ke cin fatar kowa in ya daɗe yana taɓa shi. Na gaba shi ne ruwa. Masana lafiyar ma'aikata sun ce wanda hannunsa ke cikin ruwa fiye da awa 2 a wuni, ko yana wanke shi fiye da sau 20, yana cikin haɗari. Mai ban ruwa da mai wanke-wanke duka sun wuce wannan iyaka. Bayan ruwa akwai garin sabulun wanki, da ruwan zabel, da toka, da kanwa, da takin zamani, irin su ure da 15-15-15, waɗanda ke zuƙe laimar fata kamar gishiri. Akwai ruwan albasa da tafarnuwa da barkono, da gashin kuɓewa, da ƙaiƙayin hatsi lokacin sussuka, da nonon aguwa da na tumfafiya ga mai gyaran shinge. Akwai isansi da gazuwal da baƙin mai ga mai gyaran injin ban ruwa. Akwai kuma ɗanyen siminti ga mai gina rijiya ko magudanar ruwa. Shi har ƙuna yake yi.

Hanya ta biyu, abin da jikin mutum ɗaya ya ƙi, alhali bai dami maƙwabcinsa ba. Mutum yana iya shekara goma yana taɓa abu lafiya, wata rana jikinsa ya juya masa baya. Daga ranar, ko kaɗan ya taɓa, bayan kwana 1 zuwa 3 ƙuraje za su fito, kuma galibi wannan ƙiyayya ba ta barin jiki. Ga misali uku:

- Sinadarin kurom da ke cikin siminti da cikin wasu fatun da aka jeme a masana'anta.
- Tiram, wanda ke cikin da yawa daga garin maganin da muke cuɗa iri da shi kafin shibka. Danginsa ne ake sakawa wajen yin roba. Saboda haka wanda jikinsa ya ƙi maganin iri, yana iya ƙin safar hannu ta roba da takalmin roba.
- Baƙin rini da ake haɗawa da lalle don zanen ya yi baƙi da sauri. Lallen gargajiya tsantsa ba safai yake yin haka ba.

Wanda ya yi kirci tun yana yaro, ko yana da asma, ko akwai su a gidansu, fatarsa ta fi saurin buɗewa. Irin wannan mutum ya fara kiyayewa tun kafin hunturu ya sauka.

KADA KU RIKITA SHI DA WASU CUTUTTUKA

Kafin ku kashe ko dala ɗaya, ku tabbata kirci ne. Cuta uku suna kama da shi, kuma maganin kirci ba ya yi musu.

Ƙazuwa. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare. Tana kama tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu, da hammata. Babbar alamarta ita ce mutanen gida da yawa suna susa tare. Wata ƙaramar halitta ce ke shiga fata, kuma tana yaɗuwa. Maganinta dabam ne, kuma gida duka ake yi wa rana ɗaya.

Makero. Yana yin da'ira, bakinsa ya ɗan tashi, tsakiyarsa ta fi sumul. Sau da yawa hannu ɗaya yake kamawa tare da ƙafafu biyu. Maganinsa man kashe gwari ne na fata, irin su mikonazol ko kulotirimazol, mako 2 zuwa 4. In kuka shafa masa maganin kirci, ƙaiƙayi zai lafa kwana biyu, sa'an nan ya bazu.

Kuturta. Tabo ne mai haske, ba ya ƙaiƙayi, kuma in an taɓa shi da zaren auduga mutum ba ya ji. Yatsu suna iya mutuwa, mutum ya ƙone bai sani ba. Wannan ba na sayen mai a kanti ba ne. Kuturta tana warkewa, kuma tun 1995 ana ba da maganinta kyauta a duniya ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Mutanen jihar Maradi sun san asibitin Danja. Sauran su tambayi gidan likita mafi kusa.

MAGANI NA FARKO: MAI

Tun da rashin maiƙo ne tushen cutar, mayar da maiƙo shi ne rabin magani. Shi ne mafi araha, shi ne kuma mutane suka fi rainawa.

Bazilin. Ku nemi fari, tsantsa, marar turare, marar launi. Yana rufe fata ya hana laima fita kusan gaba ɗaya, kuma ba safai jiki ke ƙin sa ba. Wanda aka zuba wa turare ko aka ce yana haska fata, ku bar shi.

Man kaɗanya. Shi ne namu na gida. In mai tsabta ne, ba a gauraya shi da turare ba, bai kuma yi ɗoyi ba, yana aiki sosai. Ku murza shi a tafin hannu ya narke kafin ku shafa.

Mai mai gilisarin. Gilisarin yana jawo laima ya riƙe ta a fata. Ya fi kyau a cikin man shafawa da aka haɗa, ko ku shafa shi bisa hannu mai ɗan ruwa-ruwa, sa'an nan ku bi da bazilin.

Mai mai ure, kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Yana tausasa fatar da ta yi kauri. Amma yana zafi a cikin tsaga, don haka sai bayan tsaga ta rufe. A nan ku saurara da kyau. Sunan ɗaya ne da ure ɗin buhu, amma na farmasi an tace shi, an auna shi. Kada wani ya jiƙa takin gona ya shafa a hannu. Ƙara cin fata zai yi.

Yadda ake shafawa ya fi irin man muhimmanci:

1. Bayan kowane wankin hannu, ku tsane ruwa da tsumma mai laushi, ba da gogewa ba, ku shafa mai nan da nan kafin fata ta bushe sarai. Masu alwala su bi wannan bayan sun idar da salla.
2. Da safe kafin a tafi garka, a shafa kaɗan.
3. Da dare a shafa da kauri, har tsakanin yatsu da gefen farce, a sa safar hannu ta auduga ko tsabtatacciyar safar ƙafa, a kwana da ita.
4. A zuba kaɗan a ƙaramin gwangwani a sa cikin aljihu. Man da aka bari a gida ba ya amfanin hannun da ke garka.
5. A ɗebi mai daga babban gwangwani da cokali mai tsabta, ba da yatsa mai ciwo ba.

Gargaɗi ga mata masu girki da maza masu shan taba: ƙyallen da ya sha mai yana kama wuta da sauri. A tuɓe safar dare kafin a kusanci murhu, a kuma riƙa wanke ta.

In fata ta yi kyau kada ku daina. Ido yana ganin ta warke, amma ɓawon nan yana bukatar makonni, wani lokaci watanni, kafin ya koma da ƙarfinsa. Wanda ya bar mai da wuri, cutar za ta dawo masa.

SABULU DA WANKIN HANNU

Garin sabulun wanki an yi shi don tufafi ne, ba don fata ba. Sabulun da aka ce yana kashe ƙwayoyin cuta, da mai yawan turare, duka suna ƙara busar da hannu. Ku nemi sabulu marar turare, mai maiƙo, ku yi aiki da kaɗan, ku ɗauraye shi sosai. Ruwa ya zama mai ɗumi-ɗumi ko mai sanyi. Ruwan zafi yana kwantar da ƙaiƙayi na minti biyar, ya bar fata ta fi dā bushewa. Ku cire zobe kafin wanki, domin sabulu yana maƙalewa a ƙarƙashinsa.

Mai gyaran inji, kada ka wanke baƙin mai da isansi ko kalanzir ko yashi. Shafa bazilin ko man girki, murza har baƙin ya narke, share da tsumma, sa'an nan ka wanke da sabulu kaɗan.

MAGANI NA BIYU: IDROKORTIZON

In mai kaɗai bai kashe ƙaiƙayi da kumburi ba, akwai man idrokortizon. A jikin kwali za ku ga an rubuta Hydrocortisone 0,5% ko 1%. Tun 1952 lokotoro ke shafa shi ga masu ciwon fata. Shi ne mafi sauƙi a cikin dangin kortizon, shi ya sa a ƙasashe da yawa ake sayar da shi ba tare da takarda ba. Ku saye shi a farmasi ko a ma'ajiyar magani mai izni, ku nuna wa mai sayarwa hannunku, ku duba ranar lalacewarsa.

Ma'auninsa yana a hannunku. Ku matso man bisa yatsan nuni, daga gaɓar ƙarshe zuwa kan yatsa. Wannan wajen rabin giram ne, kuma ya isa hannu ɗaya na babban mutum, ciki da baya. In wuri kaɗan ne ya kamu, a rage.

Ƙa'idodinsa:

1. A shafa bisa wurin da ya kamu kaɗai, sau 1 ko 2 a wuni.
2. A dakata kamar minti 30, sa'an nan a bi da bazilin ko man kaɗanya.
3. Kada a wuce kwana 7 ba tare da an ga ma'aikacin lafiya ba.
4. Kada a sa shi cikin buɗaɗɗen rauni, ko inda ke da mugunya, ko bisa makero da ƙazuwa.
5. Ga ƙananan yara da mace mai ciki, a tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

Gaskiya guda: fatar tafin hannun manomi tana da kauri, kuma wannan magani mai sauƙi ne. Ya fi aiki a bayan hannu da tsakanin yatsu. In kwana 7 suka cika ba sauƙi, ba yawan shafawa ne zai gyara ba. Lokotoro yana da wanda ya fi shi ƙarfi, kuma shi ya san tsawon kwanakin da ya dace.

HANNU MAI TSIYAYAR RUWA

Wani lokaci ƙuraje suna fashewa, hannu ya riƙa fitar da ruwa. A wannan hali mai mai kauri ba shi ne na farko ba. Sai an tsane ruwan. Masu garka sun san farmanganat, wanda ake wanke salati da shi. Shi ne ake jiƙa hannu a ciki.

Ma'auni: giram 1 cikin lita 10 na ruwa mai tsabta. In ƙwayar ta rabin giram ce, lita 5 ke nan. Ku duba nauyin a jikin takarda. Ku fara narkar da ita sarai a cikin kwalba, sa'an nan ku juye cikin sauran ruwan, domin guntun da bai narke ba yana ƙona fata. Launin ruwan ya zama ja-ja mai haske, wanda kuke hango gindin kwano ta cikinsa. In ya yi duhu, ya yi ƙarfi, a ƙara ruwa.

A jiƙa hannu minti 10 zuwa 15, sau 1 ko 2 a wuni, kwana 2 ko 3. Da zarar ruwa ya tsaya, a daina, a koma ga mai. Kowane jiƙo a haɗa sabo. Yana rina farce. In kun shafa wa farce bazilin tukuna, ba zai kama ba. Ba a shan sa, ba a bari ya shiga ido. Ku ɓoye ƙwayoyin nesa da yara, domin yaron da ya haɗiye ɗaya yana iya ƙonewa daga baki har ciki.

TSAGA

Tsaga ita ce ke hana aiki, ita ce kuma ƙofar cuta. A wanke ta da ruwa mai tsabta, a tsane, a cika ta da bazilin ko man zinki, wannan farin mai kauri da ake shafa wa jarirai, a rufe da filasta. A sauya filasta kullum, ko duk lokacin da ta jiƙe. In zafi ya hana barci, farasetamol ya isa. Kada a zuba alkol a ciki.

Ku tuna abu biyu. Ƙwayar cutar tetanos, mai sarƙe haƙora, tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ta rauni take shiga. Mai aiki da takin gida da tsagaggen hannu ya tambayi gidan likita batun allurar rigakafi. Na biyu, maganin ƙwari yana ratsa tsagaggiyar fata fiye da lafiyayya. Wanda hannunsa ke buɗe kada ya haɗa maganin feshi, kada ya yi feshi, sai ya warke.

ƘWAYOYIN ƘAIƘAYI

Akwai ƙwayoyin da ake sha don ƙaiƙayi. Kulorfeniramin, miligiram 4, yana sa barci. Setirizin da loratadin, miligiram 10 sau ɗaya a wuni ga babba, ba su cika sa barci ba. Sun fi amfani ga borin jini. Ga kirci taimakonsu kaɗan ne, ba su warkar da fata. Amfanin mai sa barcin shi ne mutum ya samu dare biyu ko uku bai yi susa ba. Wanda ya sha shi kada ya hau babur, kada ya shiga rijiya, kada ya tayar da inji sai ya wartsake. Ba a ba ƙaramin yaro sai da izinin ma'aikacin lafiya.

In ƙaiƙayi ya taso, ku ɗora tsumma mai ruwan sanyi na randa, minti kaɗan, ku bi da mai. Ku yanke farce. Susa tana ƙara ƙaiƙayi, ƙaiƙayi yana ƙara susa.

SAFAR HANNU

Magani ba ya cin nasara in hannu yana komawa kullum ga abin da ya ɓata shi.

- Don wanki da wanke-wanke da ban ruwa: safar leda mai kauri ko ta nitiril, da ta auduga siririya a ciki don ta sha gumi. Bayan kamar minti 20 a tuɓe, hannu ya sha iska. In ruwa ya shiga ciki, a tuɓe nan take, a juya ta, a shanya.
- Don busasshen aiki, kamar sussuka, da riƙon hauya, da gyaran shinge: safar ƙyalle ko ta fata.
- Don maganin ƙwari da maganin iri: safar nitiril mai tsawo, marar ƙyalle a ciki. Ta ƙyalle da ta fata suna shan dafi su riƙe shi a jikin fata. A wanke bayan safar kafin a tuɓe ta.
- In hannu ya ƙara lalacewa bayan sa safar roba, musamman a bayan hannu da wuyan hannu, robar ce. A sauya ta leda.

Wajen cuɗa iri da magani, ku zuba iri da garin cikin bido ko gwangwani mai murfi, ku rufe, ku girgiza. Iri ya fi samun magani daidai, hannu kuma bai taɓa ba. Wajen watsa taki, ku ɗiba da ƙaramin gwangwani ko ƙoƙo. Wanda ba shi da safa, ko ledar da aka ɗaure a wuyan hannu ta fi babu ga aikin minti kaɗan, amma ban da maganin ƙwari.

ABUBUWAN DA ZA KU GUDA

Baƙin man inji, man birki, ruwan batir, kalanzir, maganin kaskar dabbobi, maganin feshi: ba ɗayansu da ke maganin fata. Suna kashe ƙaiƙayi ne don sun ƙona wurin, kuma wasunsu suna shiga jini. Toka, kanwa, ruwan lemun tsami, dakakkiyar tafarnuwa, nonon tumfafiya: duka suna ƙara cin ɓawon da muke son gyarawa. Man zafi mai mantol, wanda ake shafawa don mura, yana ƙara wa tsaga raɗaɗi.

Sai maganin tebur na kasuwa, wanda ya wuni cikin rana. Akwai bututai masu ɗauke da betametazon ko kulobetazol, irin waɗanda wasu ke shafawa don haska fata. Kortizon ne mai ƙarfi ƙwarai. A hannun lokotoro magani ne mai kyau na kwanaki ƙidayayyu. A hannun wanda ke shafa shi wata da watanni, yana sirantar da fata har ta riƙa yagewa, yana ɓoye makero ya bar shi ya bazu, kuma ranar da aka daina, cutar ta taso da ƙarfi. Haka bututun da aka ce yana maganin komi, mai haɗin magani uku a ciki. Wasu suna ɗauke da newomisin, wanda shi kansa jikin wasu ke ƙi.

Mafi haɗari su ne ƙwayoyin kortizon na sha, irin su dekizametazon, waɗanda ake sayarwa a tebur. Fata za ta yi kyau cikin kwana uku. Amma shan su da daɗewa yana kumbura fuska, yana tayar da hawan jini da ciwon sukari, yana raunana ƙashi. Kada ku sha su sai lokotoro ya rubuta.

YAUSHE ZA A TAFI GIDAN LIKITA?

A tafi ranar nan, ba a jira ranar kasuwa ba, in an ga:

1. Mugunya, ko ɓawo mai launin zuma bisa ciwon.
2. Hannu ya kumbura, ya yi zafi, yana zuga.
3. Ciwo yana hawa zuwa damtse, ko kaluluwa ta fito a hammata.
4. Zazzaɓi.
5. Ƙuraje masu zafi sun bazu farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu.

A tafi cikin mako in an yi kwana 7 ana idrokortizon, ko mako 2 ana mai da kiyayewa, ba sauƙi. In cutar tana dawowa kowace shekara. In hannu ɗaya kaɗai ta kama. In akwai tabon da ba ya jin taɓi. In mai ita yana da ciwon sukari. Ku tafi da bututun duk abin da kuka shafa, da takardar maganin iri ko na feshin da kuka taɓa. Ku gaya wa ma'aikacin lafiya irin aikinku, ku kuma gaya masa ko hannu yana sauƙi in kun huta kwana biyu. Wannan amsa tana nuna masa inda cutar ta fito.

GA SHUGABANNIN ƘUNGIYOYIN MANOMA

Lokacin da kuke lissafin iri da taki da man inji na noman rani, ku sa safar hannu cikin lissafin. In ƙungiya ta saya da yawa a tare, ta fi araha. A ajiye safar feshi dabam, a rubuta mata alama, kada ta shiga aikin gida. A gida kuma, in hannun uwargida ya tsage, a ɗauke mata wanki da wanke-wanke na mako biyu. Hutun nan yana cikin magani.

Ɗan'uwa da ya iya karatu, ka karanta wa maƙwabtanka wannan takarda a dandali ko a bakin rijiya. Wanda ke da tambaya bisa maganin iri ko na feshi ya nemi malamin gona na yankinsa. Wanda ke da tambaya bisa fatarsa ya nemi ma'aikacin lafiya.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a garake, ya kai mu damana lafiya.